Na Gyara Gida a Alsahafa, Matata Ta Ce Masar Ta Fi

Hajja Karima, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Babbar Sallah ta iso, domin bakina ya jawo mini abin da hannuna ya kasa gyarawa, alhali gyara ita ce sana'ata. Ki yi haƙuri da Hausata, ta sha Larabci ta ƙoshi, irin ta mu 'yan nan ce.

Ni bakanike ne, ina da gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, gidana kuma yana Alsahafa. A Omdurman aka haife ni, a can aka haifi ubana. Kakana ne ya taso daga ƙasar Katagum da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a nan don ya tara guzuri, guzurin bai cika ba har shi ya cika. Ina da mata ɗaya, bari in kira ta Khadiga, da 'ya'ya mata biyu, Fadila wadda ke shirin jarrabawar gama sakandare, da ƙanwarta Su'ad. Ƙaramar tana da sikila, ciwon yakan tashi lokaci lokaci, amma wannan tsohon zance ne, mun saba.

Da yaƙi ya ɓarke muka kulle gida muka haye Omdurman, unguwar Alsawra, wurin yayata Awadiyya, inda mahaifiyarmu take. Mun ɗauka kwana kaɗan za mu yi, har Khadiga ta bar wanki a kan igiya. Da abin ya ƙi ƙarewa, harsasai suka fara sauka a unguwar, Khadiga ta tsaya kai da fata sai mun tafi Masar. Mahaifiyata ta ce ita ba inda za ta, ta ga abin da tafiya ta yi wa surukinta, wato kakan nan nawa. Awadiyya ta zauna da ita, ni na kwashi iyalina muka bi hanyar arewa. Wahalar hanyar ba sai na faɗa miki ba, rabin masu karanta wannan fili sun bi ta.

Muka sauka a Alƙahira, unguwar Faisal, inda in ka jefa dutse sama a kan ɗan Sudan zai faɗo. Ga aljannar da ake ta yi mini kwatance yanzu: ɗakuna biyu can ƙololuwar bene, ba na'urar hawa, sai ka iso ƙofarka kana haki kamar injin da ya sha ruwa. In ka miƙa hannu ta taga ka taɓa wandon maƙwabcinka da ya shanya. Sararin samaniya kuwa sai dai ka ji labarinsa. Mai gidan mutumin kirki ne ƙwarai, yana ƙaunar 'yan Sudan, duk lokacin da ya tuna da mu sai ya ƙara kuɗin haya. Takardar izinin zama, wadda suke cewa iƙama, ita ma tana ƙaunarmu, ba ta yarda mu daɗe ba mu je mun yi mata layi a rana ba.

Na samu aiki a wani gareji. Hajja, ni da ake cewa Usta, wato babban gwani, a Mantiƙa, ni da direbobin manyan motoci ke jira in saurari inji da kunne in faɗa musu ciwonsa, sai ga ni ina miƙa wa wani sa'an ɗan cikina sifana, yana kirana da launin fatata don sunana ya yi masa nauyi a baki. Ban ce duka haka suke ba, akwai wani dattijo mai shayi a bakin titin da bai taɓa barina in wuce ba tare da ya zaunar da ni ba. Amma shayi ba ya mayar wa mutum da sunansa.

Muna can mahaifiyata ta rasu. A waya na ji. Maƙwabta ne suka wanke ta suka kai ta, ni ɗanta namiji tilo ina tsaye a kan benen mutane. Kin san yadda ake zaman makoki a Omdurman, a kafa rumfa a tare titi, kowane gida ya fito da tiren abinci. A Faisal kuwa muka shimfiɗa tabarma ɗaya da rabi a falo, 'yan uwa suka zo suna shiga bi da bi, kafin la'asar matar da ke ƙasa da mu ta hawo ta ce takalman baƙinmu sun tare mata hanya. Tun daga ranar ban ƙara jin daɗin ko ruwan ƙasar ba.

Ita kuwa Khadiga, sai ka ce shukar da aka canza wa tukunya. Ta fara haɗa humra da turaren wuta don ta rage kewa, wata ta saya, wata ta gaya wa wata, kafin ka ce me ta zama mai gyaran amare. Lalle, dilka, turare, duk amaryar 'yan Sudan da ke yankin sai ta bi ta hannunta. Matar da a Alsahafa ko kasuwa sai na kai ta, yanzu ta san kowace tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa kamar ita ta haƙa ramin. Wayarta ba ta hutawa. Har Misirawan gidanmu suka koma ce mata Madam. Ni ma na ci arzikin, na zama mijin Madam, ba ƙaramin muƙami ba ne ga mai gareji.

Da aka ce Khartum ta lafa, mutane suka fara komawa, na ce ni ma na tafi. Muka yi shawara in riga su, in gyara gida, su biyo ni. Ta amince, da bakinta ta amince, ba mafarki na yi ba.

Na iso Alsahafa na tarar baƙi sun ziyarce mu, kuma ma'aikata ne na gaske, Allah ya isa. Ƙofofi, tagogi, kan famfo, har wayar lantarkin da ke cikin bango sun zare ta tsaf, aikin da ko ni sai na jinjina. Abu ɗaya suka bar mini, wata tsohuwar fanka da na yi shekaru ina yi wa Khadiga alkawarin gyarawa. Da alama su ma sun duba ta sun ga ba ta da rabo. Bishiyar lemun tsamin da ke tsakar gida kuwa tana nan, ba wanda ya ba ta ruwa amma ta ƙi mutuwa, har ta yi 'ya'ya. Da na gan ta na zauna a ƙasa na yi abin da ban yi ba ranar makokin uwata.

Na tattare hannun riga. Garejin ma sun share shi, amma aiki ya yi yawa har ya fi ƙarfina, domin babu motar da ta rage da lafiya a garin nan. Mutanen da suka san ni suka dawo suna neman Usta. Da abin da nake samu na sa ƙofofi, na ja waya, na ɗora farantin hasken rana a kan rufi, na shafe bango. Maƙwabtan da suka dawo muna cin abinci tare a ƙofar gida kamar da, ba wanda ke cewa takalmin wani ya tare masa hanya. Na kira Khadiga na ce gida ya gyaru, su taho. A nan aka fara wasan.

Ta ce a bari Fadila ta gama zango. Zango ya ƙare, ta ce akwai bikin da ta karɓi aikinsa. Daga nan ta daina kawo uzuri, ta koma yi mini darasin ƙasa. Duk kiran da za mu yi sai na ji cewa a Masar in ka murɗa famfo ruwa ne ke zubowa, ba iska ba. A Masar in ka danna makunni wuta ce ke kamawa. A Masar burodi na bakin ƙofa, kantin magani na ƙasan bene, makaranta na buɗe, mace na fita ta dawo ba wanda ya tare ta da bindiga. Ni kuma in ce a Sudan gidanka naka ne, ka fitar da gadonka tsakar gida ka kwanta kana kallon sama, maƙwabcinka ya san sunan kakanka, in ka mutu akwai masu ɗaukarka. Na ce mata a nan ba wanda zai tare ka ya ce ina takardarka.

Dariya ta yi. Ta tuna mini ranar da na je wani ofis neman takardar ɗan ƙasa, aka dube ni aka ji sunan kakana aka ce in kawo shaidun da suka san asalinmu, ni da ko hanyar Katagum ban sani ba. Ta ce, "Abban Fadila, a Omdurman Fallata ake ce mana, wato baƙi daga yamma, a nan kowa Sudani yake ce mana. Sai da muka bar Sudan muka zama 'yan Sudan." Sai na ce layin ba ya da kyau.

Tun daga nan kowa ya kama sana'ar tono. Ita in ta ji an yi amai da gudawa a wata unguwa ta Khartum, ko zazzaɓin sauro ya kwantar da mutane, kafin in karya kumallo labarin ya iso wayata. Ni kuma in na ji an kama wasu 'yan Sudan da iƙamarsu ta ƙare an tasa ƙeyarsu zuwa iyaka, sai in tura mata har da addu'ar Allah ya kiyaye. Wata rana muna magana wuta ta ɗauke a can wurinsu, Hajja, na ji daɗin da ban ji ba tun ranar da aka haifi Fadila. Na tambaye ta ko in aiko mata da kyandir daga Alsahafa. Sannan in za mu yi kiran da ake ganin juna, a gaban bangon da na shafe nake tsayawa. Gidan da ke kallon namu ya ƙone ƙurmus, masu shi ba a san inda suke ba, ban ga dalilin da zai sa in juya waya wajen ba. Na tabbata ita ma akwai kusurwar da ba ta nuna mini.

Yayata Awadiyya ba ta taimaka. Ita ta zauna a Alsawra tun daga farko har ƙarshe, ta bi layin abincin sadaka na unguwa da kwanonta, ta yi jinyar uwarmu, don haka duk wanda ya je Masar a wurinta ɗan yawon shaƙatawa ne. Duk Juma'ar da na haye wurinta sai ta tambaye ni yaushe Madam za ta yi mana alfarma. Ta ce mutane sun fara magana, wai na gyara keji tsuntsuwa ta ƙi shiga. Ta ce Fadila ta kira ta ta gaishe ta da Larabcin Misirawa, har ta ɗauka mai tallan magani ce a talabijin. Ina dariya, amma ina dawowa gida da abin a ƙirjina.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Na gama ɗakin yara, na sa musu gadaje da labule, har fankar nan na gyara don kunya. Na kira Khadiga ina zagayawa da waya ina nuna mata. Ta kalla ba ta ce ya yi kyau ba, ba ta ce bai yi ba. Sai ta tambaye ni, in ciwon Su'ad ya tashi, wane asibiti ne kusa da mu da ke da jini da iskar numfashi, kuma da wace mota za a kai ta in gari ya rufe. Na ce Allah ne ke warkarwa, ba Masar ba. Ta ce ta sani, sunan asibitin take tambaya. Raina ya ɓaci, na ce ta faɗi gaskiya kawai, lalle da turare ne suka riƙe ta, ta ɗanɗana zama Madam ba ta son komawa matar bakanike. Ban tsaya nan ba, na ce, "In Babbar Sallah ta same ki a Masar, ki yi zamanki can, kin zama tasu." Ta tambaye ni a hankali me nake nufi da wannan magana. Na kashe wayar.

Tun ranar ba ta ƙara ɗaukar kirana ba. Fadila ce ke ɗauka, ta ce Mama na aiki, Mama ta fita, Mama ta kwanta. Yarinyar da ke cika ni da surutu yanzu gaisuwa kawai take yi, kamar mai magana da mai gidan haya. Raguna sun fara shigowa kasuwa, ni kuwa duk wanda na gani sai ya tuna mini wa'adin da na sa. Wallahi ban san me na nufa ba a lokacin, so nake ta ji tsoro ta haɗa kaya. Ban gaya wa kowa ba, ko Awadiyya, don na san guɗa za ta yi.

Hajja, ke kin san ƙasashen nan biyu. Ki faɗa mata a fili, tana karanta filinki, cewa duk daɗin ƙasar wani ba ta kai taka ba. Sannan ki gaya mini matsayin maganar da na yi. Ina son matata, ban iya faɗa mata ba ne kawai, bakin nawa ya fi sabawa da gardama.

Naki,
Usta mai jiran iyali, Alsahafa

*

Wa alaikumus salam, Usta.

Da farko ina taya ku murna, kai da Khadiga. Sudan ta samu jakada, Masar ta samu jakadiya, kuma ba wadda ke biyan ko sisi. Ban taɓa ganin ƙasashen da suka yi sa'ar ma'aikata irinku ba. Da a ce ƙwazon da kuke sawa wajen tono annobar Khartum da kamen Alƙahira kun sa shi a aurenku, da ba ka rubuto mini ba.

Ka ce in yanke hukunci wace ƙasa ta fi. Ba zan yi ba, domin ku duka gaskiya kuke faɗa, kowa dai rabin da ya yi masa daɗi yake ɗauka. Ruwa da wuta da makaranta da kantin magani sun fi samuwa inda take, wannan ko Awadiyya ta sani. Amma can baƙuwa ce, baƙo kuwa raɓa ne, zamanta na rataye da takarda da ra'ayin mai gida. A nan kana da gidanka da sana'arka da mutanenka da kabarin uwarka, amma garin jinya yake yi, bai miƙe ba tukuna, in ba haka ba me ya hana ka juya waya? Ƙasa ba ta fin ƙasa a sarari haka kawai, sai an ce ga wa. Khartum ta fi maka, don a nan kake Usta. Alƙahira ta fi wa Khadiga a yanzu, don a can ta gano hannunta na iya ciyar da gida. Kai ka san zafin a raba mutum da sunan da ya samu da guminsa, ka cika mini shafi da shi. To me ya sa da aka zo kan nata sunan ya zama abin ba'a?

Akwai wadda ba a tambaya ba. Na karanta wasiƙarka na koma na sake karantawa, bishiyar lemun tsami ta fi Su'ad samun wuri a cikinta. Fanka ma ta fi ta. Ka ce ciwonta tsohon zance ne, kun saba. Wataƙila kai ka saba. Wadda ke riƙe da yarinya tana murƙususu tana kiran ƙashinta ba ta saba ba, kuma ba za ta saba ba. Matarka ta tambaye ka sunan asibiti, ka ba ta wa'azi. In direba ya tambaye ka ko birkinsa zai kai shi garin Madani, ce masa kake Allah ne ke tsarewa, ko shiga ƙarƙashin motar kake ka duba? Ba uzuri ta kawo ba, ita ce tambaya mafi nauyi a duk gardamarku, kuma ba ka da amsarta, shi ya sa ka yi fushi.

Fushin ma ba da ita kake ba. Uwarka ta rasu ba ka nan, Allah ya jiƙanta, wannan ciwo ne da ba ya warkewa da wuri. Amma ba Khadiga ce ta harba bindiga ba, ba ita ta hana ka ɗaukar makara ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ka taɓa zama ka gaya mata abin da ka gaya mini game da ranar makokin nan? Ina zaton ba ka yi ba. Da ka yi, da ta gane cewa ba don ka raba ta da sana'arta kake jan ta gida ba.

Yanzu maganar da ka furta. Ni ba mai fatawa ba ce, kuma ba a wasa da igiyar aure a shafin jarida. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa, yau ba gobe ba, ka maimaita masa kalmomin yadda ka faɗe su, ba ragi ba kwalliya, ka gaya masa abin da ke zuciyarka a lokacin, domin irin wannan lafazi ana duba niyyar mai shi. Kada ka zauna kana kallon raguna har Sallah ta yanke maka hukunci. Abin da ya ce maka, Khadiga na da haƙƙin ta ji shi daga bakinka. Ta tambaye ka me kake nufi, har yau tana zaune da tambayar, ba ta san ko matar aure ce ko me ba. Ka janye wa'adin nan a fili, ka ba ta haƙuri a kansa da kuma gorin da ka yi mata. Haƙuri zalla, kada ka liƙa masa "amma" a wutsiya.

Bayan haka ka rufe gareji yini guda ka zaga asibitocin da ke aiki kusa da kai, har na Omdurman. Ka tambayi likitoci yadda ake yi da masu sikila a yanzu, ko ana samun jini, ko ana samun magani, ina ake zuwa in abu ya taso ba shiri. Ka nemi iyayen masu irin ciwon da suka dawo, za su faɗa maka abin da likita ba zai faɗa ba. Duk abin da ka samo ka gaya mata yadda yake, ko da bai goyi bayanka ba. In amsar ita ce tukuna, to tukuna ne, ka haɗiye. Ranar da za ku yi kiran ganin juna ka juya waya ta ga gidan da ya ƙone, ka roƙe ta ita ma ta nuna maka kusurwar da take ɓoyewa. Mutum biyu da ke yi wa juna tallan bango ba za su taɓa yanke shawara ba.

Ka bar Fadila ta rubuta jarrabawarta inda ta yi karatunta, kuma ku daina sa ta tsaron waya, ba ita ta ɗaura muku aure ba. In takardu sun ba ka dama ka je ka yi Sallah da su, hawan benen ba zai kashe ka ba. In ba su ba ka ba, ka gayyaci Khadiga ta zo ita kaɗai ta ga gari da idonta, da alkawarin ba wanda zai riƙe ta, gani ya kori ji. Kuma tun da kana da ƙarfin shafe bango, ka ware mata ɗaki na sana'arta ka nuna mata shi. Amare ba su ƙare a Khartum ba, yaƙi bai taɓa hana mutanenmu aure ba. Mace ta fi saurin dawowa inda aka tanadar wa hannunta wuri.

Awadiyya kuwa a girmama ta, ta ɗauki abin da ku ba ku ɗauka ba, kuma ita ma tana da nata ciwon da ba wanda ya tambaye ta. Ka riƙa kai mata ziyara da alheri, amma shawararta kan aurenka ka bar ta a Alsawra, kada ka haye gada da ita. Masu maganar keji ba su ne za su goya Su'ad zuwa asibiti ba.

Ke kuma Khadiga, tun da an ce kina karantawa: kin yi gaskiya a kan 'yarki, kuma Allah ya sa wa sana'arki albarka. Amma kin yi alkawari kin yi ta ja da uzuri maimakon ki faɗi abin da ke tsorata ki tun farko. Mutumin nan ya tarar da kango ya mayar da shi gida da hannunsa, ya nuna miki yana jiran kalma ɗaya, kika hana shi. Iƙama ba gado ba ce, wata rana za a koma, gara a tsara komawar tare. Ki ɗauki waya.

Usta, in ka kira aka ce Mama na aiki, ka ce za ka jira. In ta karɓa, kada ka ambaci Sudan, kada ka ambaci Masar, dukkansu za su kwana lafiya ba tare da kai ba. Ka tambaye ta yadda Su'ad ta tashi, sannan ka rufe bakinka ka saurara kamar yadda kake sauraron inji. Allah ya ba yarinyar lafiya, ya zaunar da ƙasarmu, ya haɗa ku a inuwa ɗaya a duk inda ya fi muku alheri.

Hajja Karima